Yaɓen da Ya Zube a Hanya

Baffanku Nasiru ya cuce ni. Na sa wannan a layin farko don kada wani ya ce na tsaya kewaye-kewaye. Bai ci mini gado ba, bai taɓa zagina ba, kuma duk ranar da aka haifi ɗayanku shi ne yake fara zuwa barka. Abin da ya yi shi ne, ya tsaya a gaban mahaifinmu da abokansa ya ɗora mini laifin aikin da ba hannuna ne ya ɓata ba, har Baba ya koma ga Allah yana ganin na yi masa ƙarya. Kun sha tambayata me ya sa in muka je gidansa gaisuwar Sallah nake tsayawa a tsakar gida, ba na shiga falo. Mahaifiyarku takan ce muku zafi nake ji. Ba zafi ba ne. Hoton nan da ke rataye a falon ne ba na iya zama a ƙarƙashinsa. Yau zan gaya muku dalili, ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin da zai gyara maganar.

Kakanku, Malam Ilu, magini ne, na ƙasa ba na siminti ba. Zauren gidanmu na unguwar Sheshe shi ya gina shi da hannunsa a shekarar da ya auri Inna. A fuskar zauren ya yi zane, irin wanda ake ɗora ƙasa a jikin bango a murɗa ta da yatsu tun tana ɗanya, ta fito ta tashi kamar jijiyar bayan hannun tsoho. Ya shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke sa bango ya yi ja mai duhu, ruwan sama kuma ya kasa cinsa. Ƙofar gajera ce, kamu uku da taƙi da hannunsa, kowa sai ya sunkuya zai shiga. In baƙo ya bugi goshi Baba ba ya cewa sannu, sai ya ce wanda bai iya sunkuyawa ba ba shi da abin yi a gidansa. A zamanin soja ya yi wata doguwar jinya, shekara biyu ba a sabunta yaɓe ba, sai wata damina mai ƙarfi ta kwantar da fuskar zauren gaba ɗaya. Yaya Nasiru a lokacin ya fara aikin ofis. Da kyakkyawar niyya ya kawo bulo da siminti aka tayar da sabo, aka sa ƙofar ƙarfe mai tsayi. Baba ya sa masa albarka, amma daga ranar ya janye tabarmarsa ya koma gindin katangar maƙwabta. Ba mu da hoton tsohon zauren ko ɗaya. Mu ba mutanen hoto ba ne.

Ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya. Boko ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi. Baba ya kai ni wajen kwaɓa ƙasa, na yi mako biyu na gudu. Yakan dube ni in na shigo cin tuwo ya ce:

"Habibu, kai dai jemage ne. Ba ka cikin tsuntsaye, ba ka cikin ɓeraye."

Komawar soja bariki ita ta ba ni sana'a, abin dariya. Da aka buga gangar siyasa kowa ya zama ɗan takara, kowane ɗan takara kuma yana son fosta. Akwai wani shagon buga takardu a kusa da Ƙofar Wambai da nake yi wa shara, aiki ya yi wa masu shagon yawa har suka zaunar da ni a gaban kwamfuta. Na gyara wa mutane da yawa fuska a shekarun nan. Na cire wa wani giɓi, na rage wa wani tumbi, wani ma har ya ci zaɓe. Daga nan na sayi tsohuwar kwamfuta tawa, na kama lungu a shagon. Wata rana na tsinci faifan wata manhaja da ake gina gida da ita a cikin kwamfuta, a juya shi ta kowane ɓangare. Turancin cikinta ban ji rabinsa ba, da danne-danne na koya, in ta ɓaci in sake. Waɗanda suka ci zaɓe suka fara gine-gine, kowa yana son ganin gidansa kafin a sa tushe, sai aka fara nemana.

Bari in yi muku bayanin aikin yadda ni na gane shi, don in ba ku gane ba ba za ku san inda aka cuce ni ba. Aiki biyu ne. Na farko gini: ka tayar da bango, ka huda ƙofa, ka ɗora rufi, komai ya fito fari fat ko ruwan toka, ba rai. Na biyu shi nake kira yaɓe: ka gaya wa kwamfuta wannan bangon launinsa kaza, yana da kaushi ko santsi, yana ƙyalli ko ba ya yi, ina ya tashi, ina ya loɓa. In ka gama sai ka sa mata rana a inda kake so, ka ce ta fitar da hoto da haske da inuwa. Wannan shi ake ce wa renda, kuma tsohuwar kwamfutata takan yini a kan hoto ɗaya tana gurnani.

A shekara ta biyar ko ta shida da dawowar farar hula, wata Laraba da hantsi, Baba ya biyo ta shagon daga kasuwa. Bai taɓa shigowa ba. Ya tsaya a bayana yana ƙanƙance ido, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani.

"Gidan wa nake gani dishi-dishi?"

"Na wani Alhaji ne, Baba. Ba a gina shi ba tukuna."

"Ba a gina shi ba, wa ya ba ka hotonsa?"

"Ni na gina shi a ciki."

Har na zaci ya tafi. Sai na ji ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Wanda ya rushe fa?"

Wata bakwai muka yi a kan zauren nan. Kullum bayan ya karya kumallo sai ya tako daga Sheshe da sandarsa, in shimfiɗa masa buzu a gefen teburina. Ba ya awo da mita, don haka na sa tef na auna hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa, na mayar da kamunsa ma'aunin ginin duka. Yana faɗa ina ginawa: kaurin bango a gindi, yadda yake ramewa in ya yi sama, inda indararo ya fito, tsayin zankayen da ke kan kusurwa. Zanen kuma baki ba zai iya faɗarsa ba. Sai ya sa aka kawo masa jar ƙasa da allunan katako, ya zauna a ƙofar shago yana murɗa shi gutsure-gutsure da yatsunsa, masu wucewa suna taruwa kallo. In ya bushe ya shafa makuba, ni kuma in ɗauki hotonsa in shigar. Daga kowane allo nakan fitar da wani hoto baƙi da fari, wanda da shi kwamfuta ke sanin tudu da kwari: inda ya yi fari ta ɗaga, inda ya yi baƙi ta bar shi ƙasa. Ƙyalli kuwa na kashe shi kusan gaba ɗaya, don ya ja mini kunne tun ranar farko.

"Makuba ba ta ƙyalli. In ka ga bango yana ƙyalli, ya sha ruwa, ka kwashe yaranka."

Matsala ɗaya ce. Hasken gilashin kwamfuta ba ya shiri da idonsa. In ya matsa kusa sai hawaye, in ya ja baya sai hazo. Ƙaramar takardar da firintar shago ke fitarwa ma ba ta yi masa komai. Saboda haka duk wata bakwai ɗin nan Baba bai ga zaurensa ba. Da bakina yake gani. Yakan ɗora hannu a kan allon ƙasar, ya bi murɗin zanen da yatsa, ya juyo da fuska wajena.

"Nan wajen, ya ɗaga?"

"Ya ɗaga, Baba."

"Inuwarsa ta faɗi ina?"

"Hagu."

"To, hantsi ne. Da hantsi ake duba zane, rana tana gefe. Da tsakar rana kowane magini gwani ne."

Inna ta mai da abin abin tsokana. In ya ɗauki sanda da safe sai ta ce, "Malam an shiga boko da furfura, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa." Takan aiko mana da fura a kwanon sha, da saƙon cewa in mun gama zauren mu gina mata ɗaki a ciki, wanda ba ya yoyo. Wata rana mai shayin bakin layi ya tambaye shi ina zuwa kullum haka, na ji da kunnena ya ce:

"Wajen maginin nan nawa."

Ban juyo ba. Na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Shekarata talatin ba kaɗan a lokacin, kuma ranar ce ya daina kirana jemage.

Ana cikin haka matar Yaya Nasiru ta haifi namiji, aka ce za a sa masa sunan Baba. Yaya ya zo shago ya ga aikin, kuma in faɗi gaskiya, idonsa ya kawo ruwa. Shi ma a zauren nan ya yi rarrafe. Ya ce ranar suna za a ba Baba hoton, babba, cikin firam, yadda zai gani da idonsa a hasken rana. Na ji daɗi. Sai ya ce amma hoton da kwamfutata ke fitarwa ya yi duhu, akwai wani abokinsa mai digiri a zanen gine-gine, yana da babbar kwamfuta da sabuwar manhaja da ke fitar da haske kamar na gaske. In ba shi faifai ya kai masa.

Ban so ba, don na taɓa gwada irin wannan ƙaura. In ka ɗauke gini daga wata manhaja zuwa wata, bango yakan isa lafiya, yaɓen ne ke zubewa a hanya. Wani ya ɓace ɗungurungum, ginin ya iso tsirara. Wanda ya iso kuma sai a karanta shi a juye, don kowace manhaja da irin hannunta, kamar gidajen magina. Abin da wannan ta ɗauka tudu, waccan tana iya ɗaukarsa kwari. Lambar da a nan take nufin ba ƙyalli, a can tana nufin santsi kamar tangaran. Dole wanda ya san bangon ya zauna ya sake yaɓe shi ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, bari in bi ka in zauna da shi. Yini ɗaya ya isa."

"Ka zauna da shi ka ce masa me? Mutumin nan a waje ya yi karatu."

"Bai san makuba ba."

"Habibu, ofis ne fa, ba shago ba. Turanci ake yi. Kada ka sa a raina mu."

Na ɗauki takarda na rubuta abu uku da Hausa, da wannan mummunan rubutun nawa da kuka sani. Fari shi ne tudu, a duba kada ya juye. Bangon ba ya ƙyalli ko kaɗan. Ƙofa gajera ce da gangan, kada a taɓa ta. Na ninke na sa a cikin jakar faifan, na ce don Allah ya ba shi. Ya ce to. Wannan ne kuskurena na farko, kuma nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Magini ba ya aika gininsa, binsa yake yi.

Ranar suna, bayan an raɗa, an raba goro, rana ta ɗan ɗaga, aka fito da hoton a lulluɓe da farin yadi, mutum biyu suna riƙe da shi. Ni ma ban gan shi ba sai a lokacin, don da asuba aka kawo shi. Baba yana zaune a tsakiyar abokansa tsofaffin magina, a gefensa Malam Ɗan'azumi, wanda suka yi shekara arba'in suna gini tare suna tsokanar juna. Yaya ya yi ɗan jawabi, ya yaye yadin. Matasa suka ce masha Allah, don hoton ya yi kyau, sama shuɗiya, haske kamar ka sa hannu. Tsofaffin ba wanda ya yi magana. Bangon yana walƙiya kamar an kwara masa man gyaɗa. Zanen duk ya nutse ciki, inda Baba ya ɗora ƙasa ya zama rami. Ƙofar kuwa an ja ta sama, an tsayar da wani mutum a bakinta da kwat, ya miƙe ƙyam.

Malam Ɗan'azumi ne ya fasa shirun.

"Ilu, yaushe ka fara gini a cikin rafi ban sani ba?"

Aka yi 'yar dariya.

"Zanen nan kuma gara ce ta ci, ko kai ka tona? Wa ke yi wa ruwa gida a jikin bango?"

Baba ya miƙe da sandarsa. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya bi hoton daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali. Ya daɗe a kan ƙofar.

"Nan raƙumi ma zai shiga da kayansa," in ji shi. "Nasiru, wa ya yi wannan?"

Yaya ya waiga. Abokan ofishinsa suna wajen, har da mai digirin. Ya ce:

"Ai aikin Habibu ne, Baba. Mu wanke shi kawai muka kai aka yi. Ka san karatun nasa, sai a hankali."

Baba ya juyo yana nemana da ido har ya same ni. Bai ɗaga murya ba.

"Na tambaye ka ya ɗaga, ka ce mini ya ɗaga."

Amsa tana bakina. Amma a gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban mutane, balle ranar sunan ɗansa, da surukansa zaune. Da wannan Inna ta raine mu, kuma Baba da kansa da zai fara tsawata mini. Na sunkuyar da kai. Na ce a raina gobe ma rana ce. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma har yau ban san ko kuskure ne ko tarbiyya ba.

Da la'asar na same shi a gindin katanga, na durƙusa na ce ba haka na yi ba, a hanya abin ya juye. Ya saurare ni har na gama.

"Magini ba ya kuka da ƙasa, Habibu. In kana da gini, nuna."

Bai sake zuwa shago ba. Ya ce ƙafarsa ce.

Kwamfutata ba za ta iya fitar da hoto mai girman nan a tashi ɗaya ba, sai ta sume. Sai na yanka shi gida goma sha biyu, in fitar da kowane yanki daban, in ɗinke su daga baya. Kowane yanki yana cin kusan yini. In aka ɗauke wuta ana saura kaɗan, sai a koma farko, kuma a shekarun nan kun san yadda wuta take, baƙuwa ce. Na roƙi mai walda na kusa da mu ya jona ni da janaretonsa. Na ajiye aikin kowa. Kwana tara na yi dare da rana, a rana ta tara na ɗinke, na kai inda ake buga manyan fostoci. Ina tsaye ana fitar da shi, ja mai duhu, ba ƙyalli, inuwar zane tana faɗuwa hagu, sai ga saƙon Inna: Baba ya faɗi a wajen alwalar azahar.

A motar Yaya muka kai shi asibiti. Ina gaba, Yaya ya ce in buɗe aljihun mota in ɗauko masa katin asibitin Baba. Na buɗe. Takardata tana ciki, a ninke yadda na ninke ta. Na dube shi, yana kallon titi. Na sa ta a aljihuna, ban ce komai ba, don Baba yana kwance a baya a cinyar Inna.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, ɗan ganin da ya rage ma ya tafi. A rana ta biyu na shigo da hoton a naɗe, na warware shi a kan ƙirjinsa. Na ce Baba ga zaurenka. Na kamo hannunsa na hagu na ɗora a kan zanen. Yatsunsa suka fara tafiya, yadda suke yi a kan allon ƙasa, suna neman murɗin. Suka je, suka dawo, suka sake zuwa. Takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Ba tudu, ba kwari. Duk wahalar kwana taran nan, ido na yi wa, ban tuna da hannu ba.

"Ya ɗaga, Baba. Wallahi ya ɗaga."

Yatsun suka tsaya. Inna ta ce ta ga ya gyaɗa kai. Ni ban gani ba, kuma Inna mace ce mai son rufa wa kowa asiri. Bayan kwana biyu ya cika.

Kada ku ɗauka na tsani Baffanku. Shi ya koya mini keke a lungun Mandawari, yana gudu a bayana har ya yi targaɗe. Ya sha duka a madadina ba sau ɗaya ba. Da na bar makaranta shi kaɗai ya yi kuka. Mutum ne mai kirki da ke tsoron kunya fiye da yadda yake tsoron laifi, kuma irinsu suna da yawa a ofisoshi. Ya rataye hoton nan a falonsa don shi ke gare shi, yana nuna wa baƙi yana cewa aikin mahaifinsa ne. Ni kuma nawa na naɗe shi na ɗora a kan sif ɗin kayana. Na yi ta jira ya zo da kansa ya faɗi kalma biyu. Shekara ashirin da ɗoriya ina jira.

Zauren kuwa bai mutu ba. Manhajar da na gina shi da ita ta tsufa, aka daina yayinta, na ɗauke shi na kai wata. Ita ma ta wuce, na sake ɗauka. Sau biyar ke nan ina yi masa ƙaura, kuma kowane karo sai na zauna na sake yaɓe shi bango-bango, in kashe ƙyalli, in sa rana a hantsi in duba inda inuwa ta faɗi. Kamar dai yaɓen da ake sabuntawa kafin damina. A kansa na ƙware. Yau masu digiri ne ke hawo matakalar shagona da gine-ginensu da suka iso tsirara, su ce a kai su wajen Habibu mai yaɓe. Da wannan sana'ar na ciyar da ku, kuma ba wanda ya taɓa tambayata Turanci.

Ranar Talatar nan da ta wuce, da hantsi, na ji ana hawowa a hankali, ana hutawa a kowace matakala. Yaya ne. Ya yi ritaya, ciwon suga ya rage shi, har sanda yake riƙewa irin ta Baba. Bai taka shagona ba tun ranar da ya karɓi faifan nan. Na ba shi kujera, na aika a kawo masa ruwa. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka yi maganar tsadar gari. Sannan ya ce Abba, wato mai sunan Baba, wanda aka yi wancan sunan dominsa, yana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine, kuma yana son ya yi aikin kammalawarsa a kan zauren kakansa.

"Na ce ko faifan nan yana nan? Sai a ba shi ya juya a tasu manhajar."

Na buɗe zauren na juyo masa da gilashin. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, har ruwan da aka kawo ya daina sanyi.

"Haka yake," in ji shi. "Har ɗan karkacewar nan ta wajen indararo. Ni har na manta haka ka yi shi."

Na jawo durowa na ɗauko takardar, ta yi ja don tsufa, na ajiye a gabansa. Bai buɗe ba. Ya san ta. Ban san abin da zai yi ranar Juma'a ba, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan tun yanzu. Amma ga abin da na gaya masa, ina kallon idonsa, karo na farko a rayuwata:

"Yaya, takardar nan kai ka cire ta, don rubutuna ya ba ka kunya a gaban mai digiri. Wannan na yafe tuntuni, rubutun ma har yau bai gyaru ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar suna, da Baba ya tambaya, ba ka ɗauki laifinka ba, ka ɗora mini. Ka bar shi ya tafi yana ganin wata bakwai na yi ina yi wa makaho ƙarya. Shi ba za ka same shi ba yanzu. Amma Inna tana nan da ranta, 'ya'yanka da nawa suna nan. Ranar Juma'a bayan masallaci ka tara su, ka sauke hoton nan da hannunka, ka gaya musu yadda aka yi. Ni zan kawo na gaskiyan, ni zan buga ƙusar. Abba kuma ɗana ne, ka turo mini shi. Ba faifai zan ba shi ba, kujera zan ba shi a gefena, mu yi ƙaurar tare har ya san makuba. Ƙofar kuwa kamu uku da taƙi ce, ba zan ƙara mata ko yatsa ɗaya ba. In kana son shiga zauren Baba, Yaya, ka sunkuya kamar kowa."